Ƙwaƙwalwar Motar Alhaji Aƙilu

Da hantsi, a tsakiyar damina, wani ɗan acaɓa ya iske Rabe mai bin sawu a gonarsa ta Maska, ya ce Alhaji Aƙilu na Funtua yana nemansa, an yi masa sata.

Rabe ya miƙe tsaye da fartanya a hannu. Ya ajiye wannan sana'a tun lokacin da sawun shanun sata ya koma ƙarewa a bakin daji, inda mai bi ba ya dawowa. Gwiwoyinsa sun gaji, zuciyarsa ta fi su gajiya. Amma Aƙilu ba mutumin da zai ce wa a'a ba ne. Tare suka yi samartaka, shi yana bin sawun jakuna, Aƙilu yana karen mota a tasha, har Allah ya ɗaga shi ya mallaki manyan motocin dakon hatsi.

"Shanu ne?" in ji Rabe.

"A'a Baba, wai ƙwaƙwalwa ce."

"Ƙwaƙwalwar wa?"

"Ta mota."

Rabe ya jingine fartanya a gindin ɗorawa, ya hau bayan babur yana jin kowane rami a ƙashin bayansa.

* * *

Ƙofar gidan cike take da jama'a, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. A kan benci, tsakanin 'yan sintiri biyu, wani magidanci yana zaune da yagaggiyar riga, leɓensa a kumbure. Rabe ya gane shi. Mark ne, mai wayarin, mutumin Kafur, wanda ya daɗe yana duba wutar motocin Alhaji.

"Ai shi ne," in ji wani daga baya. "Makullin gareji biyu ne, ɗaya a aljihun Alhaji, ɗaya a nasa. Alhaji zai saci kayansa ne?"

Mai unguwa ya ja Rabe gefe. "Malam Rabe, da kyar na ƙwace shi a hannun samari. In magariba ta yi ba a ga abin ba, dole in miƙa shi ga 'yan sanda. Ba zan iya tsare shi a nan ya kwana ba."

Alhaji Aƙilu yana zaune a kujerar roba a bakin gareji, hannunsa na hagu ajiye a cinya kamar na aro, tun da hawan jini ya taɓa shi. A bayansa motar take, ja jawur, 'yar ƙasa-ƙasa, kujera biyu kacal, tsohuwar motar tsere ƙirar Japan da ta haura shekara ashirin. Duk Funtua an san ta. Da ƙuruciyarta, in ta taso daga hanyar Zariya, masu shayi sukan ajiye kofi su bi ta da kallo.

"Rabe, kai ne?" Alhaji ya ɗaga kai. "Zauna. Sun kashe ni da raina."

Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da labarin jinyar ɗa. Sitiyarin motar nan da wuta yake aiki, ba da mai ba. A cikin bonet akwai wani ɗan baƙin akwati, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, shi ke jin direba ya juya sai ya taya shi. Shi ne ƙwaƙwalwar. Tun da ta ƙone, sai ƙato ke iya murɗa sitiyarin, shi kuwa ga hannu ya mutu.

"Ba inda ba a nema ba. Kano, Panteka ta Kaduna, har Legas. Kamfanin ya daina yin ta. Ta farko da aka kawo, bakin soket ɗinta bai shiga ba. Wata ta shiga, amma jar fitila ta ƙi mutuwa. Wata kuma ta riƙa jan motar hagu kamar jakin da ya hango gida. Sai ka sami wadda aka ƙera shekara ɗaya da motarka, ka gane? Sai kwanan nan Shitu mai kayan gyara ya samo mini ta wata da ta yi hatsari a Kwatano. Mark ya ɗaura. Rabe, da yatsa ɗaya na juya ta! Na ce ranar Juma'a ni da kaina zan tuƙa zuwa gonata ta Dandume. Yau da safe Mark ya zo ƙarasa aiki, ya buɗe bonet, wayam."

Wata matashiya sanye da fararen kayan asibiti ta fito daga cikin gida da ruwa a kofi. Bushra ce, autar Alhaji, ma'aikaciyar jinya, wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. An kira ta ne daga wurin aiki. Ta durƙusa ta gaida Rabe, sannan ta sa wa uban kofin a cikin hannunsa na dama.

"Baba, don Allah ka sa a saki Mark. Ƙarfe ne fa kawai."

"Koma ciki," in ji Alhaji. "Ke tausayi ya yi miki yawa."

Rabe mutumin ƙasa ne, ba na inji ba, don haka ƙasa ya duba. A bakin gareji jama'a sun tattake komai, ko sawun raƙumi ba za a gane ba. Ya zagaya bayan katanga. Gansakukar da damina ta shimfiɗa a jikin bulo tana nan lafiya, ba ƙafar da ta goge ta. Kwaɗon ƙofa ma ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Ba wanda ya haura, ba wanda ya ɓalle.

* * *

Rabe ya zauna kusa da Mark, ya ce 'yan sintirin su ɗan ja baya.

"Kai ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Baba. In da ina son ta, ai ba zan ɗaura ba tun farko. Sai in ce ita ma ba ta dace ba, kamar sauran. Wa zai ƙaryata ni?"

"To wa kake zato?"

Mark ya kalli ƙasa. "Ban ɗauka ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Rabe ya tambaye shi sau biyu, amsar ba ta sauya ba. Ya tashi ransa a jagule. Ya sha ganin waɗanda aka kama bisa kuskure, kuma duk halinsu ɗaya: sukan yi ta jefo sunaye, na maƙwabci, na abokin gaba, har na matacce. Wannan an fasa masa baki, magariba na tafe, amma ya ƙi kiran sunan kowa.

Wani mai sayar da rake a bakin layi ya tare shi, ya ce shekaranjiya ya ga Shitu ya zo da wani baƙo a farar akori-kura, sun daɗe a cikin garejin suna leƙa bonet.

Shagon Shitu yana hanyar Zariya, cike da fitilu da wayoyin tsofaffin motoci har rufi. Da ya ga Rabe sai ya shiga goge abin da ba ya bukatar gugewa.

"Baƙo? Wane baƙo? Au, Sadiq! Ai ɗan Malumfashi ne, mai injin casar shinkafa. Gani kawai ya zo yi."

"Ganin me?"

Shitu ya yi ajiyar zuciya. "To, Malam Rabe, gaskiya ɗaya ce. Shi ma yana da irin motar, ita ma sitiyarinta ya mutu. Ya daɗe yana damuna. Da ya ji na samo wa Alhaji, har fushi ya yi, wai me zai sa in kai wa tsoho mai hannu ɗaya. Amma ni dai na sayar, na gama. Kada a sa sunana."

Rabe ya koma gidan Alhaji ya karɓi tsohuwar ƙwaƙwalwar da ta ƙone, ya zura a aljihun rigarsa, ya shiga motar haya zuwa Malumfashi.

* * *

An cusa su kamar buhunan masara. Rabe ya manne da ƙofa, yana kallon gonakin dawa da auduga suna wucewa, hadari na haɗuwa daga gabas. Ya tambayi kansa me ya kai shi. Da can in ya bi sawu, yakan dawo da saniya, mai ita ya yi murna, a watse. Yanzu ga shi da furfura yana bin abin da ba ya taka ƙasa.

Sadiq saurayi ne mai fara'a da yawan magana. Da ya ji abin da ya kawo Rabe, fara'ar ta gudu.

"Ni? Baba, ni zan je Funtua in yi sata? Zo ka gani."

Ya kai shi bayan injin casa. Motar tana gindin mangwaro, shuɗiya, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ya ɗaga bonet, ya jawo wata waya mai faffaɗan kai.

"Kawo ta aljihunka. Ai irin ta Alhaji ce sak, ko? To sa mu gani."

Rabe ya gwada. Ya juya, ya sake gwadawa. Bakin bai ko kama hanyar shiga ba. Na Sadiq ya fi faɗi, haƙoransa kuma jeri uku ne, na Alhaji biyu.

"Ka gani? A ido uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tawa ƙanwa ce, an sauya musu wayarin a tsakani. Shekaranjiya da na leƙa na ga haka, nan take na cire rai. In na ɗauko ta me zan yi da ita, in dafa?" Ya sake bonet ya faɗi. "Ni tausayi ma tsohon ya ba ni. Da za mu gaisa, ina nan tsaye, ya miƙa hannu can gefe, ya gaisa da iska. Sai da na matsa na kama."

Rabe ya dube shi. "Gefe?"

"Wallahi. Na ɗauka ciwon ne. Mu je in kai ka, Baba, in wanke sunana da bakina."

* * *

Ruwa ya tsuge musu tun daga Bakori, bai tsagaita ba sai da suka shiga Funtua ana kiran la'asar. Ruwan ya kori jama'a, ya kuma wanke tsakar gidan Alhaji tas, ƙasa ta yi laushi kamar an shimfiɗa wa Rabe tabarma.

Sawu ɗaya ne sabo, na Alhaji, da ya fita masallaci. Rabe ya tsuguna duk da kukan gwiwoyinsa. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, hanyar kowa ta tsakiya ce. Wannan sawun kuwa ya bi gindin katanga, ya zagaye, taku gajeru, yatsun ƙafa na fara taɓa ƙasa kafin dunduniya, irin tafiyar mai laluben kududdufi. A jikin katangar, daidai ƙugu, akwai dogon layin dauɗa da hannu ya daɗe yana shafawa. Ba aikin yau ba ne, ba na wannan watan ba.

Ya shiga gareji. Kwanon rufin yana yoyo, ɗigon na sauka daidai kan bonet, yana gangarawa ta tsagar gefe. Ya sa Sadiq ya buɗe masa, karo na farko ya dubi wurin da aka cire abin.

Ba a yanke waya ba. An zare soket ɗin a hankali, an naɗe kansa da leda, an ɗaure tam, an tura shi inda ruwa ba zai same shi ba. Kusoshin da ke riƙe akwatin, kowanne an mayar da shi raminsa an ɗan ɗaure. Rabe ya shafa abin da aka ɗaure ledar da shi, ya kai hanci. Sai ya nemi wuri ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya rufe ido. Ya gwammace a ce ɓarawo ne.

* * *

Bayan an sauko daga masallaci Rabe ya tara su a garejin: Alhaji, mai unguwa, Mark, Shitu da Sadiq. Bushra tana tsaye a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida.

"Sadiq ba shi da abin yi da ita, ba ta shiga motarsa, na gwada da hannuna," in ji Rabe. "Shitu kuwa ba shi da makulli, kuma ba a haura ba, ba a ɓalle ba. Ku biyu ku je, Allah ya huta gajiya. Ku ja mana ƙofar."

Da suka fita, ya juya ga sauran. "Na bi ɓarayi da yawa a rayuwata. Ɓarawo yana sauri, yanka yake ya gudu. Ban taɓa ganin wanda ya saci akuya ya tsaya gyara turke ba. Wanda ya cire wannan abin ya mayar da kusoshi, ya rufe waya don kada ruwa ya shige ta. Ya san rufin nan yana yoyo. Yana son motar nan, kuma yana da niyyar wata rana a mayar."

"Ai ka gama magana," in ji mai unguwa. "Aikin mai wayarin ne."

"Haka ne?" Rabe ya kama hannun Alhaji, ya kai shi gaban mota, ya jawo soket ɗin sama. Muryarsa ta yi ƙasa. "Aƙilu, duba da kyau. Da me aka ɗaure ledar nan?"

Alhaji ya sunkuya, ya ƙura ido, ya daɗe.

"Baƙin salatif ne mana," ya ce da ƙarfi. "Irin nasu na wayarin."

Abin da ke hannun Rabe fari ne fat, filastar asibiti, irin wadda ake manne allurar ƙarin ruwa da ita. Mai unguwa ya dubi filastar, ya dubi idon Alhaji, ya ce, "Inna lillahi," a hankali.

"Fara ce, Baba." Muryar Bushra ce daga bakin ƙofa. "Tawa ce. Da makullinka na buɗe. Abin yana cikin akwatina, ko ƙwarzane bai yi ba."

Alhaji ya ɗago, ya dafa gefen motar. "Ke?"

"Kai ka koya mini riƙe sifana tun ina firamare." Ta matso, ta durƙusa a gabansa. "Likita ya gaya maka hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ban kuwa faɗa ba. Duk lokacin da aka kawo wadda ba ta dace ba, sai in yi hamdala a ɓoye. Da wannan ta dace na roƙe ka, ka ce in yi shiru. Baba, ba ka ganin gefe ko kaɗan. Hanyar Dandume ranar Juma'a, ga babura, ga yara 'yan makaranta. A wurin aikina nake karɓar irin waɗanda ake kwasowa daga titi. Na ce gara ka tsine mini da a kawo mini ɗan wani, a ce ubana ne."

"Da kika ga an kama bawan Allah fa?" in ji mai unguwa.

Ta fashe da kuka. "In na ce ni ce, sai an tambaye ni dalili, ga rantsuwa a wuyana. Na yi ta jiran Baba ya huce. Amma da magariba ta yi, wallahi da na fito da ita."

Rabe ya dubi Mark. "Kai ka gane tun da safe."

"Na ga filastar," in ji Mark. "Ban san dalilinta ba. Na dai san yarinyar nan ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba. In na kira sunanta a gaban samarin nan, ta gama aure a garin nan."

Alhaji ya lalubi kujerarsa ya zauna.

"Mark," ya ce daga baya, "ka yafe mini."

"Na yafe, Alhaji. Amma ba a nan aka kira ni ɓarawo ba. A ƙofar gida ne, gaban jama'a. Ina da 'ya'ya a makaranta. A can nake so a wanke ni."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya miƙe, mai unguwa ya riƙe shi, suka fita. Jama'a sun fara dawowa. Rabe bai bi su ba, gwiwarsa ta ƙi, amma daga inda yake ya jiyo muryar tsohon abokinsa, ta dishe.

"Jama'a, ba a yi mini sata ba. Mark mutumin kirki ne, na zalunce shi, wanda ya taɓa shi ya nemi gafararsa. Kayan yana cikin gidana, iyalina suka adana mini. Ni ne ban gani ba."

* * *

Kafin rana ta faɗi Mark ya mayar da ƙwaƙwalwar, da kumburarren leɓensa. Ya tattara kayan aikinsa, ya ajiye makullin garejin a kan kujera, ya tafi.

"Da ka bar ni da ɓarawona, Rabe," in ji Alhaji.

"Da na bar ka, da Mark ya kwana a bayan kanta."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba."

Alhaji ya shiga mazaunin direba, ya tayar da motar. Injin ya yi gurnani, garejin ya ɗauka. Ya ɗora mataccen hannunsa a kan sitiyari, ya tura da yatsu. Tayoyin gaba suka juya a kan siminti suna ƙara, hagu, dama, hagu. Ya yi ta yi kamar ba zai daina ba. Bai sa motar a giya ba. Can ya kashe.

"Bushra."

"Na'am, Baba."

"Ranar Juma'a, aikin safe gare ki?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Zan nemi a musanya mini."

Ya fito da kyar, ya dafa bonet, ya bi jikinsa da hannu har ya zagaya ɗaya gefen, bai ɓoye laluben ba. Ya sami marikin ƙofa, ya buɗe, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba tun ranar da ya sayi motar. Ya jingina, ya miƙe ƙafafunsa.

"Rabe," ya ce, "ashe nan ma akwai wuri."